Firizar Mai Ƙanƙara

Hannun Maman Auta na sauka a kan murfin firizar, wani abu ya cafke ta tun daga yatsu har kafaɗa. Ba irin zafin ƙuna ba ne. Girgiza ce mai ƙugi a cikin ƙashi, kamar an cusa mata ƙudan zuma a jijiya. Da ƙyar ta fizge hannun, ta yi baya ta bangaji bokiti, ruwa ya malale a kan simintin da dama a jiƙe yake.

Maƙwabciyarta, wadda duk layin ke kira Mai Ƙanƙara, tana zaune a 'yar kujera tana ƙulla ruwa a leda. Ta ɗago ta dube ta, ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ta gaishe ki ke nan, ƙanwata," ta ce. "Baƙi take yi wa haka. Mu 'yan gida mun saba da ita."

Auta na gefenta riƙe da mazurari, ita ma ta yi dariya. Dariyar 'yar ta fi shigar Maman Auta fiye da wutar. Ta tsaya tana yarfe hannu, ta ce wannan ba abin dariya ba ne, a kira mai gyara tun abin bai zama wani abu ba. Da ta tsaya a nan, ƙila da an saurare ta. Amma bakinta ya riga ya buɗe, sai ta ƙara da cewa in mutum bai damu da ransa ba, to ya daina tara 'ya'yan mutane a kusa da tsohon ƙarfen da ya kamata a ce yana bola. Mai Ƙanƙara ta ci gaba da ƙullinta. Auta ta sunkuyar da kai. Maman Auta ta fita ba tare da ruwan sanyin da ta shigo nema ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu, gajeriya, wadda mace za ta iya miƙa kwano ta samanta. Shekara ashirin da uku da suka wuce Maman Auta ta tare a nan da jaririya a hannu da keken ɗinki a bayan mota. Lokacin ta samu aikin ɗinka rigunan makaranta, tana kan keke tun safe har idanunta su fara ganin allura biyu. Maƙwabciyar kuwa mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta da kowa a gidan sai firiza da rediyo. Ita ta leƙo ta katanga wata rana ta ce a miƙo mata yarinyar ta huta da kukan. Maman Auta ta miƙa ta da godiya. Ba ta san miƙawar za ta yi tsawo haka ba.

A tsakar gidan Mai Ƙanƙara Auta ta fara tafiya. A can haƙorinta na fari ya fito, a can kuma na farko ya faɗi. Maman Auta ce mai tashinta da sassafe, mai ɗura mata magani mai ɗaci, mai faɗa in ta dawo da riga a yage. Waccan kuwa ita ce mai alawa da tatsuniya da ƙanƙara mai zaƙi. Da yarinyar ta iya magana sai ta raba musu suna: uwar da ta haife ta Umma, ta bayan katanga kuma Mamana. Wannan ɗan "na" ɗin da ke ƙarshe ya tsaya wa Maman Auta a maƙogwaro shekara da shekaru. Yayyen Auta maza biyu sun girma sun tafi neman abincinsu, ita kaɗai ta rage, ita ɗin ma rabi.

Ba su taɓa yin faɗa ba. Suna gaisawa, suna aron gishiri, ranar da Mai Ƙanƙara ta kwanta zazzaɓi Maman Auta ce ta yi mata wanki. Sai dai layin gaba ɗaya ya san akwai abin da ke cin tela. Ta taɓa cewa ruwan maƙwabciyar yana warin leda. Ta taɓa cewa rediyonta na hana ta jin ƙarar keke. Ta taɓa cewa ƙanƙarar ce ke sa wa Auta mura, alhali rabin yaran layin ita suke tsotsa. Saboda haka in ta yi magana a kan gidan can, mutane kan gyaɗa kai ne kawai su bar maganar ta wuce.

Da yamma ta kai ƙara wurin maigidanta, tsohon direban bas da ya ajiye aiki saboda ciwon baya. Yana kishingiɗe a baranda ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta, cikin murmushin da ta tsana, shin firizar ce ke jan mutane ko kuwa mai firizar ce ke jan 'yarta. Ta tashi ta bar masa wurin.

Auta ma ba ta ɗauki abin da nauyi ba. Ta gama karatun koyarwa tana jiran aiki, ta iya bayani kamar tana gaban aji. Ta ce ai irin tartsatsin nan ne da mutum kan ji in ya cire mayafi mai santsi lokacin da iska ta bushe, ko ya taɓa ƙofar mota. Ɗan tas ne, ba ya kisa.

"Ni za ki koya wa yadi?" in ji Maman Auta. "Shekara talatin ina warware shi. Wancan sau ɗaya yake cizo ya sake ki. Wannan riƙe ni ya yi. Kuma ƙafata a cikin ruwa take, ina iska ta bushe a nan?"

Auta ta ce a hankali, "Umma, komai na Mamana sai kin samo masa laifi."

Kwana biyu bayan haka mai gyaran wuta na bakin titi ya kawo wa Maman Auta wando a sauya masa zif. Dattijo ne mai ƙarancin magana, kullum da ɗan sukudireban gwaji a aljihun gaba. Tana ɗinki tana ba shi labari, ba ta faɗi gidan wa ba ne, amma ya gane. Fuskarsa ta canza. Ya ce in jikin firiza na jan mutum, to waya ta goge a ciki tana taɓa ƙarfe, kuma soket ɗin ba shi da wayar da ke kai wuta ƙasa. Yau ta ɗan ja, gobe in gogewar ta ƙaru kuma ƙafa na cikin ruwa, ba za ta saki ba. Ya ce in har ta taɓa ganin wuta ta kama mutum, kada ta kuskura ta kai masa hannu, ko ɗanta ne. Ta ruga ta kashe babban makunni na wajen mita, in ya yi nisa ta ture shi da busasshen katako. Ya yi alkawarin zai shigo ranar Alhamis da rana, in ya gama wani aiki, ita sai ta raka shi gidan.

Ta ji daɗi har cikin ranta, kuma ba duka daɗin ne mai tsabta ba. Ta riga ta hango shi yana buɗe bayan firizar yana nuna musu wayar, ta hango fuskar Auta.

Ranar Alhamis da hantsi, tana yanka wani yadi, Mai Ƙanƙara ta shigo da sallama, fuskarta kamar an kunna fitila. Hannunta ɗaya a bayanta. Ta zauna a bakin tabarma, ta yi ta zagaye-zagaye, ta tambayi bayan maigida, ta yaba yadin, sannan ta fito da ambulan. An ɗauki Auta aikin koyarwa. Makarantar tana wani gari, tafiyar yini guda, za ta fara a farkon wata. Takardar ta zo tun shekaranjiya. Yarinyar ta ji tsoron yadda Ummanta za ta ɗauki maganar nisan, shi ne ta kai wa Mai Ƙanƙara ta ajiye, ta roƙe ta ta zo ta lallashe ta.

"Tun shekaranjiya," in ji Maman Auta.

"Kin san yaran yanzu. Ni ma kwana na yi ina kuka, wallahi. Amma 'yarmu ta zama mutum, ƙanwata. Wahalarmu ba ta faɗi ƙasa ba."

Maman Auta ta karɓi takardar. Akwai ɗan danshi a kusurwarta, inda yatsun mai ƙulla ruwa suka riƙe. Ta karanta sunan 'yarta, ta ce Allah ya sanya alheri, ta ce ta gode da aka tuna aka sanar da ita. Ta mayar da takardar cikin ambulan ta miƙa mata, ta ce ta ci gaba da ajiyewa, ai a can ta fi tsaro. Mai Ƙanƙara ta karɓa ta miƙe. Ta ajiye ambulan ɗin a kan keke ta fita.

Bayan azahar mai gyaran wuta ya ƙwanƙwasa ƙofa, jakar kayan aiki a kafaɗa. Maman Auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta katanga tana jiyo muryar Auta da ta matar, suna lissafa abin da za a saya na tafiya, akwati, bargo, tukunya ƙarama, suna dariya.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Ta ce ba yau ba. Sai wani lokaci."

Ya ɗan tsaya yana kallon ƙofar maƙwabciyar. Ya ce to, amma a gaya mata ta riƙa sa silifa, kuma kada ta wanke ta sai ta zare fulogi. Maman Auta ta ce za ta faɗa. Ta koma ta zauna a keke. Ta ce a ranta gobe za ta leƙa ta faɗa, in zuciyarta ta sauka. Gobe ta zo zuciyar ba ta sauka ba.

Ranar Juma'a da rana aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba. Asabar da asuba aka yi ruwa. Da gari ya waye Mai Ƙanƙara ta ga duk ƙanƙararta ta narke, ta ce bari ta yi amfani da damar ta wanke firizar. Ta kwashe ledojin a baho, ta cire takalmi don kada santsi ya kwashe ta, ta sunkuya rabin jikinta a ciki da soso. Ba ta zare fulogi ba, tunda babu wuta.

Maman Auta na sa maɓalli a riga da hannu ta ji fankar sama ta motsa. Ta ɗaga kai, har ta ce madalla. Sai ta ji wata ƙara daga bayan katanga, ba ihu ba, wani gajeren sauti kamar mutum ya shaƙe da ruwa, da ƙarar ƙarfe yana kaɗawa. Auta na shanya a tsakar gida. Ta saki zanen da ke hannunta ta ruga. Uwar ta bi ta, allura na maƙale a bakin rigarta.

Matar na kife a bakin firizar, hannuwanta biyu a ƙame kan ƙarfen, ƙafafunta na rawa a cikin ruwa. Auta ta miƙa hannu ta nufe ta. Saura taku biyu Maman Auta ta cafko ta ta ƙugu, da wani ƙarfi da ba ta san tana da shi ba, ta wurgar da ita baya kan busasshiyar baranda. Yarinyar ta tashi za ta koma, ta sake danne ta, suna kokawa, Auta na cizon hannunta tana kiran Mamana. Maigidan ya shigo yana ɗingishi. Ta ce masa ya riƙe ta, ta ruga bakin ƙofa inda mita take, ta ja babban makunnin ƙasa. Ƙugin ya tsaya. Mai Ƙanƙara ta sulale a hankali ta kwanta a gefenta.

Wani maƙwabci ya fito da mota. A asibiti likita ya duba ta bai daɗe ba, ya ce ta riga ta cika tun a hanya, ko ma tun a gida. A kan bencin da ke waje Auta ta juyo ta dubi uwarta, idanunta a bushe.

"Kin riƙe ni," ta ce. Ba ta ƙara ce mata komai ba har aka binne matar.

Ƙanen marigayiyar ya zo daga nesa da iyalinsa, suka buɗe gidan ana karɓar gaisuwa. Shi da kansa ya kama hannun Auta ya zaunar da ita a tsakiya, ya ce ita ce 'yar, su baƙi ne. Mata suka yi ta shigowa, masu sayen ƙanƙara, masu shago, iyayen yaran da suka girma suna tsotsar ledarta, kowa sai ya fara durƙusawa gaban Auta. Maman Auta na gefe tana zuba ruwa a kofuna. Wata tsohuwa ta dafa kafaɗarta ta ce ta yi ƙoƙari ta riƙe marainiyar nan da kyau. Ta ce to. Ta shiga bayan gida ta tsaya, tana jin kunyar kanta, domin ko a wannan ranar abin da ke cin ta bai mutu ba. Tana kallon yadda 'yarta ke kuka, kafaɗunta na girgiza, tana tambayar kanta ko ranar tata za a yi mata rabin wannan.

A rana ta uku mai gyaran wuta ya zo gaisuwa. Ƙanen ya roƙe shi ya duba firizar kafin a fitar da ita. Ya ja ta daga bango, ya kwance bayanta, ya nuna musu inda waya ta goge ta manne da ƙarfe, baƙi ƙirin. Ya ce aikin minti goma ne. Da ya ji yadda abin ya faru, ya juya wurin Auta ya ce ta gode wa Allah ta gode wa mahaifiyarta, domin da yatsanta ya taɓa matar, da gawa biyu aka fitar daga gidan nan. Sannan ya dubi Maman Auta. Ta jira ya faɗi sauran. Bai faɗa ba. Ya mayar da sukudirebansa aljihu ya yi sallama.

Da la'asar Auta ta shigo ɗakin ɗinki. Ta durƙusa a gaban keke, ta ɗora kanta a kan gwiwar uwarta, abin da rabonta da yi tun tana 'yar firamare. Ta roƙe ta ta yafe mata, ita ce ba ta da hankali, Umma ta faɗa tun farko ba su ji ba. Ta kama hannun da ta ciza tana shafa shatin haƙoran.

Maman Auta ta zauna ba motsi. Nauyin kan nan a gwiwarta shi ne abin da ta yi shekara ashirin da uku tana so. Babu mai karɓe shi yanzu, kuma dattijon ba zai taɓa buɗe baki ba. Ta bar shi ya ɗan daɗe, ta ji ɗuminsa sosai. Sannan ta yi magana, tana kallon bango.

"Ya zo ranar Alhamis da kayan aikinsa. Ni na kira shi. Ni kuma na mayar da shi daga bakin ƙofa, na ce ta ce ba yau ba. Ba ta ce ba. Bai ko ga idonta ba."

Kan ya ɗago daga gwiwarta. Auta ta tambaye ta dalili. Ta ce saboda takardar. Yarinyar ta dube ta tsawon lokaci kamar tana neman wata fuskar a bayan wannan, sannan ta miƙe ta fita, ta ja ƙofar a hankali.

Kwana goma sha ɗaya suka yi a gida ɗaya, gaisuwar safe kawai ke haɗa su. Maigidan ya ji labarin daga bakin matarsa, bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya kira mai gyaran wuta ya bi soket ɗin gidansu ɗaya bayan ɗaya. Ƙanen marigayiyar ya sa kwaɗo a ƙofar ya koma. Maman Auta ta ɗinka wa 'yarta riguna huɗu na zuwa aiki ba tare da ta gwada ta ba, ta ninke ta ajiye a kan akwati. Ba a ce an gode ba, ba a kuma dawo da su ba.

Ana gobe tafiya, da hantsi, Auta ta fito tsakar gida ba ɗankwali, riƙe da tsinken tsifa da mataji. Kitson kanta ya tsufa, gashi ya taso ya rufe tsagar. Mai Ƙanƙara ce ta yi mata shi kwana uku kafin rasuwarta, ta ƙi bari kowa ya taɓa.

"Ba zan shiga aji da shi haka ba," ta ce, ba ta kalli uwar ba. "Hannuna ba ya kaiwa baya."

Maman Auta ta jawo kujera. Yarinyar ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta, bayanta a miƙe, ba ta jingina ba. Uwar ta sa yatsa ta bi layin farko daga goshi zuwa ƙeya. Ƙanana ne, a jere, kan kowanne a naɗe da kyau, irin wanda ita ba ta taɓa iyawa ba. Ta soka tsinken a ƙarshen na gefen kunne, ta fara warwarewa a hankali, tana tara gashin da ya zube a cinyarta.